Mestri Anselmo, Mai Auna Hanyar Maƙabarta da Ƙafa

Da ƙarfe shida na safe mai burodi yakan busa ƙahonsa a ƙofar gidan Mestri Anselmo Barreto, malamin kiɗan ƙauyenmu, kuma shekara arba'in da uku bai taɓa tarar da shi a kwance ba. Yana baranda, ya jawo teburinsa zuwa inda haske ya fi faɗowa, takardar kiɗa mai layi biyar-biyar a gabansa, kwalbar tawada a dama, gogensa jingine da bango. Matarsa Ermelinda takan karɓi burodin, ta ajiye masa biyu da shayi. Shayin ya huce, ta ɗauke ta ɗumama, ya sake hucewa. Shi kuwa ya rufe ido yana motsa leɓe, can ya buɗe ya ɗiga tawada a kan layi, ya sake rufewa. Haka har rana ta take tsaka.

Aikinsa ke nan, ba shi da wani. Ba gona, ba kwalekwale, ba shago. Tsararrakinsa da suka iya kiɗa sun tafi jiragen ruwa da otal-otal na Bombay da ƙasashen Larabawa, shi ya zauna a nan Darsorim yana rubuta wa badujalar ƙauye da mawaƙan coci abin da za su busa da abin da za su rera. Waƙoƙin azumi, kiɗan zagayen ranar biki, na ɗaurin aure, duk daga teburin nan suka fito, kuma kowace takarda da hannunsa ya kwafe ta, ta kowa daban. Na yi shekara talatin ina koyarwa a makarantar coci, bango ɗaya ne tsakanin ajina da ɗakin da suke gwaji, saboda haka abin da zan faɗa na gani ne, ko na ji daga bakin waɗanda suka gani.

A saman takarda Mestri ba ya rubuta sunan abin busa. Sunan mutum yake rubutawa. Wannan ta Pascoal ce mai begila, wanda haƙoransa na gaba suka zube, don haka ba a kai shi sama sosai. Waccan ta mai babban ƙaho ce, wanda asma ke damu da damina, an bar masa wurin shan iska bayan kowane layi. Mana Idalina, wato Yaya Idalina a harshenmu, wadda ta ja mawaƙan mata tun ina budurwa, ta gaya mini cewa sai da ta shekara sittin da biyar ta gane abin da yake yi mata. Muryarta tana sauka da tsufa, shi kuma kowace shekara yana saukar mata da waƙar kaɗan-kaɗan bai faɗa ba. Ta ce, "Ni ina ta fahariya muryata ba ta tsufa, ashe tsohon nan ne yake bina da tsani."

Sunansa kuwa ba ya kan ko ɗaya. Na taɓa jin kiɗansa a wani biki a ƙauyen da ke hayin kogi, na tambayi shugaban badujalarsu na wane ne. Ya ɗaga kai ya ce tsohon kiɗa ne, daga Lisbon aka kawo shi zamanin kakanni. Da na gaya wa Mestri, sai ya tambaye ni ko sun busa shi daidai.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne aikinsa na ranar mutuwa. A Darsorim ana raka gawa da badujala da waƙa tun daga ƙofar gidanta har ƙofar maƙabarta da ke kan tudu, kuma muna da ƙa'ida biyu da muka gada. Ba a maimaita kiɗan gawa: in aka kai ƙarshe aka koma farko, an kira gawa ta biyu daga gidan. Ba a kuma barin kiɗa ya ƙare kafin ƙofa: an yar da mamaci a hanya ke nan. Limaman coci sun zo sun tafi, kowanne ya ce camfi ne, kowanne kuma ya ƙyale mu da abinmu. Saboda haka kowace gawa sai an yanka mata kiɗa daidai tsawon hanyarta, kamar yadda tela ke yanka riga.

Da zarar ƙararrawar mutuwa ta kaɗa, Mestri zai ajiye abin da yake yi ya sa takalmi. In ya isa gidan ya yi gaisuwa, tambayarsa ɗaya ce: "Wa zai ɗauka?" Domin takun masunta huɗu da akwati a kafaɗa daban yake da na 'ya'yan gida da suka sauko daga jirgin sama jiya. Daga nan sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗan karkata kafaɗa kamar mai ɗauke da kaya, ya kama hanya yana ƙidaya taku har tudu. Yana rubuta inda gada take, da inda za a sauya kafaɗa, da inda hawa ya fara. A kan hawan yakan hutar da masu busa, tsofaffi ne ba za su iya hawa da busa lokaci ɗaya ba, ya bar ganga da muryoyin mata kashi biyu, waɗannan su rera waɗancan su numfasa. Ya koma gida ya zauna. Kafin yammacin gobe kowa takardarsa tana hannunsa.

Shekarar da kwalekwale ya kife da 'yan'uwa uku 'yan gida ɗaya, mutane sun ce wannan kam ta fi ƙarfinsa: akwati uku, masu ɗauka goma sha biyu, uwa tana faɗuwa a hanya ana tayar da ita. Ya auna hanyar sau biyu, na biyun da tafiyar tsohuwa. Waɗanda suka je sun shaida cewa akwati na uku yana taɓa ƙofa, begila tana yin shiru.

A bakin ƙofar nan kullum akwai mutum ɗaya a tsaye, hularsa a hannu. Bostiao ne, mai haƙa kabari. Shi yake buɗe ƙofa, ya shige gaba, a bi shi cikin shiru har ƙaramin cocin da ke ciki inda ake addu'a. Badujala ba ta shiga, iyakarta ƙofa. Bari in faɗi gaskiya a kan yadda muka riƙe Bostiao, domin kunyar tamu ce duka. Ba a ba shi kujera a gidan kowa. In ya zo neman ruwa akwai kofin da aka ware masa a bayan gida. A coci wurinsa can baya ne kusa da tsintsiya. Ya binne iyayenmu duka, amma ba mu taɓa miƙa masa hannu ba.

Mestri kaɗai ke zama da shi. In an watse, sai su hau katangar maƙabarta su raba taba ɗaya, su yi ta tsiya. Pascoal ya sha jin su.

"Mestri, yau ma wutsiya na samu."

"Wace wutsiya kuma?"

"Ta kiɗanka mana. Shekara nawa ina tsaye a nan, ban taɓa jin kai ba, ban taɓa jin ciki ba. Kamar karen mahauci, kullum wutsiya ake jefo min."

"To ka mutu mana, Irmao, ɗan'uwana, ka ji shi duka."

"Ni? Wa zai busa wa mai haƙa rami? Za a tura ni a amalanke kamar buhun gishiri, in an yi min gata."

"Zan yi maka naka. Daga ƙofar bukkarka."

"Ka san inda bukkata take kuwa? Bayan fadamar gishiri. Tsofaffin nan naka za su riga ni isa lahira kafin a kai gada."

"Wannan matsalata ce. Kai dai ka kwanta shiru, kada ka yi min surutu a hanya."

Sun yi dariya, amma Pascoal ya ce Bostiao ya miƙa hannu, Mestri ya kama. Ya ce bai taɓa ganin wani ya kama hannun ba sai ran nan.

Ciwon sukari ya daɗe a jikin Mestri. Bara kafin damina wani ɗan ƙurji ya fito masa a tafin ƙafa, ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. Likita a birnin Margao ya wanke ya ɗaure, ya ce masa ƙiri-ƙiri kada ƙafar nan ta taka ƙasa, kada ta taɓa ruwa, in ba haka ba wuƙa ce. Ermelinda ta ɓoye takalmansa a cikin tukunyar shinkafa.

A cikin wannan hali Santana tela ya rasu. Pascoal ya ce shi zai auna, mene ne a ciki, ƙidaya ce kawai. Ya dawo da lissafinsa, Mestri ya yi rubutu a kai. Sai dai gidan Pascoal a gindin maƙabarta yake, shi kuwa don sauƙi ya fara ƙidaya daga ƙofar maƙabarta ya gangara zuwa gidan tela, kafaɗa ba kaya, yana sauri zai je kasuwar kifi. Takun mai gangara dogo ne. Takun mai hawa da akwati rabinsa ne. Ranar jana'iza kiɗa ya ƙare muna tsakiyar tudu. Masu busa suka sauke ƙahoni suna kallon juna. Ba mai ikon komawa farko, matar tela da 'ya'yanta uku suna nan a bayan akwati. Muka hau sauran tudun ba abin da ake ji sai takalma da nishin masu ɗauka, har matar ta fasa ihu tana cewa an yar mata da miji kamar kare. Ban taɓa yin tafiya mai tsawo irin wannan ba.

Pascoal ya je baranda ya durƙusa. Mestri bai yi masa faɗa ba. Ya ce, "Daga ina ka fara?" Da ya ji, sai ya rufe fuska da hannu. Ya ce laifinsa ne, shekara arba'in yana abu bai taɓa nuna wa kowa yadda ake yi ba. Bayan wannan gidaje biyu da aka yi musu rasuwa suka ɗauko motar gawa daga birni, mai lasifika a sama, tana saka kiɗan da ba a san na wane ne ba, direba ya kashe in ya ga ƙofa.

Bostiao ya mutu a tsakiyar damina, ranar wata Talata da safe. 'Yarsa Piedade, mai aikin shara a asibiti a birni, ita ta same shi. An kaɗa ƙararrawa gajeriya. Mestri ya ji daga baranda ya aika a tambaya, da aka gaya masa sai ya ce, "Ermelinda, takalmina."

"Ban san inda suke ba."

"Suna cikin shinkafa, tun watan jiya nake cin warinsu. Kawo."

"Anselmo, ka ji abin da likita ya ce. Pascoal ya je, yanzu ai ya koya."

Pascoal yana wurin. Ya ce, "Na rantse, Mestri, daga bukka zan fara. Zan ɗauki buhun siminti a kafaɗa in kana so."

"Ka san inda ruwa ya cinye hanya a fadama? Ka san inda mutum huɗu ba za su iya jerawa ba sai sun karkata akwati? Ka san minti nawa wannan zai ci? Ni ma ban sani ba sai na taka. Na yar da tela a hanya. Ba zan yar da wannan ba."

Ermelinda ta ce, "Shi ya mutu, ba zai ji ba. Ni ce zan zauna da gurgu."

"Na sani," in ji shi. "Ki yi haƙuri."

Ta kawo takalmi ɗaya, ɗayan ba zai shiga ba. Ta naɗe ƙafar da leda a kan bandeji, tana ɗaurewa tana zaginsa, hawaye na zuba a kan ledar. Pascoal ya kai shi bukkar a bayan babur. Piedade ta fito, ta rasa abin da za ta yi, sai ta shimfiɗa masa buhu ya zauna. Ya tambaye ta wa zai ɗauka. Ta ce mijinta, da mai burodi ya ce zai zo, sauran biyun ba ta sani ba tukuna. Mestri ya ce to, waɗanda ba su saba ba ke nan, takunsu gajere ne, kuma za su huta sau da yawa. Ya miƙe, ya karkata kafaɗa, ya fara.

Mutane sun gan shi daga gonaki. Tsoho ɗan shekara saba'in da biyu, sanda a hannu, Pascoal yana riƙe masa lema a banza domin iska tana juya ta, suna bin siririyar hanyar da ta ratsa fadamar gishiri. A wuri biyu ruwa ya kai gwiwa. Ledar ta tafi tun a na farko. Taku dubu uku da ɗari ɗaya da sittin zuwa ƙofar maƙabarta, hanya mafi tsawo da ya taɓa aunawa. Pascoal ya ce da suka kai ƙofa ya ɗauka an gama, sai Mestri ya tura ƙofar ya ci gaba da ƙidaya har bakin ƙaramin coci.

"Mestri, iyakarmu ƙofa fa."

"Wa zai tsaya a ƙofa gobe ya karɓe shi?"

Pascoal ya waiwaya ya dubi ƙofar.

"To mu za mu kai shi ciki," in ji Mestri.

Saura mawaƙa. Masu busa biyar kaɗai suka rage a badujala, ba yadda za su cika wannan hanya ba tare da mata ba. Mana Idalina ta zo baranda da yamma ta gaya masa cewa matan sun ce ba a taɓa yi ba, kuma ba za su shiga laka saboda mai haƙa kabari ba. Mestri yana rubutu, ƙafar a kan kujera, jini ya ɓata bandejin, bai ɗago ba. Ya ce, "Mana, wa ya sauka rami ya karɓi mijinki?" Ya miƙa mata takarda tara, kowace da sunan mai ita. Ya ce, "Ki kai musu. Wadda ba za ta zo ba ta dawo min da tata da hannunta, ta faɗa min a fuska." Biyu sun dawo da tasu. Bakwai sun zo.

Na bi wannan jana'iza. Mu ba mu kai talatin ba. Masu ɗauka su ne mijin Piedade, da mai burodi, da leburori biyu baƙi daga wurin wani gini, waɗanda aka ɗauko su haƙa ramin, suka ga ba mutane suka sa kafaɗa. An bar Mestri a kujera a ƙofar maƙabarta, zazzaɓi ya riga ya kama shi. Kiɗan ya fara da begila ita kaɗai a ƙofar bukka. A inda ruwa ya yi zurfi ya ba ganga kawai, a hankali, don masu busa su ɗaga ƙahoni sama su haye. Inda aka karkata akwati matan suka riƙe murya ɗaya doguwa har aka daidaita. Ba inda ya rage, ba inda ya yi yawa. Da muka kai ƙofa ƙafafunmu suka tsaya da kansu saboda sabo, amma takarda ba ta ƙare ba. Pascoal ya shige gaba yana busa, muka bi shi a kan hanyar da Bostiao ya share shekara da shekaru, taku tamanin da huɗu. Aka sauke akwati a bakin coci, begila ta yi shiru. Piedade ta juyo ta zo wurin kujerar Mestri ta tsaya, ba ta san ko an yarda ta taɓa shi ba. Shi ya kamo hannunta.

Bayan kwana goma sha tara aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ranar Lahadin da ta wuce aka sanar a coci cewa Mestri Anselmo ya ajiye aiki. Layi biyu ne, tsakanin sanarwar gyaran rufi da ta ranar rigakafi. An ba shi mayafin shawul da kwakwa don karramawa, aka tafa, aka fita. Tun daga jana'izar Bostiao an binne mutum shida a Darsorim, biyar a motar lasifika. Takardunsa suna cikin akwatin ƙarfe uku a ƙarƙashin gado, danshi yana cin na ƙasa, kuma yawancin sunayen da ke samansu na mutanen da ke kan tudu ne. Ermelinda tana tura shi a keken guragu zuwa baranda da safe. Har yanzu ba ta yafe masa ba, ta faɗa mini da bakinta, tana gyara masa bargo.

Mestri, na san ba ka son irin wannan, za ka ce na ɓata takarda. Ka yi haƙuri ka saurara sau ɗaya. Kai ne ka san numfashin kowannenmu, ka yanka mana waƙa daidai ƙarfinmu, muka ɗauka mu ne gwanaye. Kai ne ka raka mahaifiyata da mijina har ƙofa, ban san ka taka hanyar a gabansu ba sai daga baya. Mai auna hanya, abokin wanda ba shi da aboki. Ka yi alkawari a kan katanga ga mutumin da ba zai iya kai ƙararka ko'ina ba, ka cika shi da ƙafarka. Mu da muke da ƙafa biyu ba mu kai talatin ba a bayan akwatinsa. Na gode, Mestri. Darsorim ta gode, ko da ba ta iya faɗa ba.

Ku kuma masu karatu, ba na ce kowa ya rasa ƙafa ba. Na koyar da yawancinku, na san abin da za ku iya. Mutumin nan yana da rai, hankalinsa garau, hannunsa bai fara rawa ba. Ya ce duk wanda ya zo zai koya masa, daga riƙe alƙalami har yadda ake taka hanya. Pascoal, da shekarunsa sittin da takwas, shi kaɗai yake zuwa: kowace Alhamis yana ɗaukar buhun yashi a kafaɗa daga wani gida zuwa tudu, ya dawo ya faɗi lissafi, Mestri ya ce masa ya yi sauri a gada, ya koma. Mutane suna yi masa dariya daga shagon shayi. Akwati kuwa kafaɗa huɗu yake so. Ranar Alhamis mai zuwa, ƙarfe tara, a ƙofar gidan Mestri, ana neman mutum uku.